Daddawar Inna a Gidan Tsofaffin Asmara

Ina cikin fadama ina ba albasa ruwa da jigo, hantsi bai gama ɗagawa ba, sai na hangi Alhaji Modi na Rabah tafe kan jaki. Bai daɗe da dawowa daga Makka ba, kuma gonata ba a kan hanyarsa take ba. Ya sauka, ya yi mini gaisuwa mai tsawo fiye da yadda aka saba. Ya tambayi ruwa, ya tambayi iri. Sannan ya ce, "Garba, sai haƙuri. Sahabi ya riga mu gidan gaskiya, can wani gari da aka cewa Asmara, kan hanyar gabas. Ya bar ɗiya guda."

Sahabi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi hajji ta ƙasa tun kafin babban yaƙin Turawa, daga nan muka daina jin labarinsa. Na saki jigon, guga ya koma ruwa.

Alhaji ya ce uwar yarinyar ta riga shi rasuwa, yanzu tana hannun wasu tsofaffin mata uku masu sayar da abinci. "Nasara na, amma ba irin na Ingila ba, mutanen Italiya. Suna son yarinyag ga awa ransu. Ni dai ban ga alamar za su sake ta ba."

Da na gaya wa Inna, mahaifiyarmu, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Sunan yarinyar kawai ta tambaya. Da ta ji sunanta ne aka sa mata, sai ta ce, "Takwarata ta. Tahi ka kawo min ita tun idona na gani." Ta hana kowa taimaka mata, ta dafa kalwa ta yi daddawa da hannunta, ko da yake hannun yana rawa. Ta haɗa da kuka da gabu, wato busasshen ganyen albasa, ta ɗaure mini a jakar fata. Ta ce, "Ka ba ta ta ɗanɗana, ta san inda ta hito."

Tun da na dawo ba na zama a kasuwar Goronyo ko ta Wurno sai an ce in ba da labarin tsofaffin nan. Kowa ya ji sai ya ƙara nasa, har na ji ana cewa na auri ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya kasance.

A Sakkwato na karɓi takardar tafiya, a nan kuma na haɗu da Malam Ladan, mutumin Wurno, wanda zai tafi hajji. Mutum ne da ba ya iya yin shiru ko yana cin abinci. Muka shiga mota zuwa Gusau, jirgin ƙasa zuwa Kano, wata motar kuma zuwa Yerwa, inda aka yi mana allura. Malam Ladan ya yi ta ba mutane ƙarfin gwiwa a layi, da aka zo kansa sai da ƙarti biyu suka riƙe shi.

A kan iyakar ƙasar da Faransa ke mulki aka sauke mu duka, aka ce kowa ya kwance kayansa. Wani Bature mai jan gashin baki yana bi yana dubawa, ba ya barin ko ƙunshin allura. Ya zo kan jakata, wadda ta sha rana a kan mota tun daga Kano. Ya buɗe, ya sa hanci. Ya ja da baya har hularsa ta faɗi. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, mene ne ya mutu a ciki?" Kafin in buɗe baki Malam Ladan ya ce, "Gaya mishi dut motag ga irin shi ad da mu." Baturen ya buga hatimi a takardunmu yana toshe da hanci, ya kaɗa hannu mu wuce. Daga ranar, duk inda za a duba kaya, jakata ake ɗorawa a sama, ni kuma ake ba wurin zama mai kyau.

Ƙasar Sudan yashi ne da turin mota. Ka tura, ka hau, ka sauka, ka sake turawa. Mutanenta masu karamci ne, sai dai wake suke karya kumallo da shi, da shayi mai zaƙi kamar zuma. A wani masauki aka kawo mana kwanon miya an rufe shi da wani abu fari-fari mai laushi. Malam Ladan ya ɗage shi ya ajiye gefe, ya leƙa ƙasa yana neman tuwo. Mai masaukin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Abin da ya ɗauka mayafi ne, shi ne abincin, kisira suke ce masa.

Daga Lubayya muka sami jirgin ƙasa. A Kasala muka sauka unguwar Hausawa, jikokin mahajjata da guzuri ya ƙare musu a hanya. A nan muka rabu, shi ya nufi bakin teku, ni na nufi duwatsu. Ya ce mini, "In sun ba ka naman alade, ka ce azumi kakai." Na ce to.

Jirgin da ke hawa Asmara yana tafiya ne kamar tsohon jaki a kan tudu, kunnuwana suka toshe. Garin sanyi gare shi, gidajen dutse, Ingilishi ne ke riƙe da shi tun da suka ci Italiya da yaƙi. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba: Bature yana gyaran takalmi a bakin titi, wani yana jan amalanke. Na tsaya ina kallo har mai takalmin ya nuna nawa yana tambaya ko a ɗinke.

Gidan abincin ɗan ƙarami ne, tebura kaɗan, ƙamshin tafarnuwa da tumatir tun daga bakin titi. Na ji ihu a ciki na mata uku a lokaci ɗaya, na ɗauka faɗa ake yi ko an yi gobara. Daga baya na gane hira ce.

Na yi sallama. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta fito, haƙoranta na gaba sun faɗi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai wa na?"

Na ce, "Ni na Bappanki Garba."

Ta ce, "Kai na wanda yag gudu ya bar wandonai bakin gulbi don ya ga kada?"

Hausar Goronyo ce tsantsa, da muryar Sahabi da yadda yake karkata kai in zai tsokane ni. Na ce, "Ba kada ba ne, kututture na. Amma ni na." Tun da sunan Inna gare ta, Inno nake kiranta. Su kuma Nina suke ce mata.

Sai tsofaffin suka fito. Kaka a bakinsu Nonna ce. Kafin in gama gaisuwa, gajerar cikinsu ta kama fuskata da hannu biyu duk gari, ta sumbace ni dama da hagu. Ni da ko Inna ba ta yi mini haka ba tun da na yi wayo! Na tsaya kamar an dasa ni. Suka yi ta kiran sunan Sahabi suna kuka da ƙarfi, suna dukan ƙirji. A gida ba ma yin haka. Amma ban ji haushi ba. Kukan da ban yi ba tun daga fadama suka yi mini.

Inno ce tafintarmu. Ita ta bayyana mini yadda gidan yake. Gajerar ita ce Nonna Roza, daga duwatsun arewacin ƙasarsu. Doguwar, mai saurin hawaye, Nonna Tareza, daga tsakiya. Ta ukun, siririya mai baƙin ɗankwali wadda ba ta sumbace ni ba, Nonna Kanchatta, daga can kudu bakin teku. Biyo 'ya'yansu suka yi zuwa Asmara. Na Kanchatta ya mutu a yaƙi, ta ƙi komawa gida don kabarinsa yana nan. Kowace tana da ranakunta na girki, tana dafa abincin ƙauyensu yadda kakarta ta koya mata, kuma kowace ta tabbata sauran biyun ba su iya komai ba. Direbobi da makanikai suna zuwa bisa ga ranar tsohuwar yankinsu. Sahabi shi ke kawo musu ruwa da itace, shi ke sayo nama wurin mahautan Musulmi. Har tukunyarsa daban, wadda alade da giya ba su taɓa shiga ba. A cikinta aka yi mini girki.

Da na leƙa madafa na ga muciya a jingine, da wata doguwar sanda ta murza ƙulli. A gindin kowace akwai zane uku da aka ƙona da wuta. Alamar mahaifinmu ce. Sahabi ne ya gaji hannunsa a sassaƙa, ni ban gada ba.

Saboda zuwana, a ranar duka ukun suka yi girki. Nonna Roza ta tuƙa garin masara rawaya da muciyar nan, ta juye a kan katako, ta yanka da zare. Tuwo ne, wallahi tuwo ne, sai dai man shanu da cuku ne a kai maimakon miya. Nonna Tareza ta kwaɓa alkama da ƙwai, ta murza har ana ganin katako ta ciki, ta yanka taliya mai faɗi da miyar niƙaƙƙen nama. Nonna Kanchatta ta yi ƙananan taliya, kowace ƙwaya sai ta danna ta da babban yatsa, da miyar tumatir da yalo da barkono da wani ɗan kifi mai gishiri.

Kun san yadda muke a gida. A kai wa baƙo abinci zaure, mai gida ya ba shi wuri. Ya ci kaɗan, ya rufe, ya bar wa yara saura. Babba ba ya suɗe kwano, balle a gaban tsofaffin da suka riƙe masa ɗiya, waɗanda matsayin surukai suke. To su ba su ba ni wuri ba. Suka jawo kujeru suka zauna a gabana, kowace ta yi tagumi tana kallon bakina.

Aka ba ni cokali mai yatsu. Na soka taliyar, ta sulale. Na sake sokawa, ta maƙale a gemuna. Inno ta ce, "Bappa, murɗawa aka yi, ba noma kakai ba." Abincin yana da daɗi, kuma yunwa nake ji sosai. Amma ina so su ga cewa gidan mutunci za a kai yarinyar. Na ci loma kaɗan a kowane kwano, na rufe, na ture gefe, na yi hamdala.

Nonna Tareza ta fashe da kuka. Nonna Roza ta zo ta dafa goshina. Nonna Kanchatta ta kama hannun Inno ta shige ciki da ita, ta rufe ƙofa.

Washegari Inno ta same ni a masaukina, wurin wani Bahaushe mai ɗinki. Ta ce, "Bappa, ka ɓata komi. Nonna Roza ta ce ciwo gare ka. Nonna Tareza ta ce ka rena ta. Nonna Kanchatta ta ce garinku ba a iya cin abinci ba, in nit tahi can sanda zan koma. Ta ce ba inda za ni."

Na ce, "Babanki hwa, ƙaƙa shika yi?"

Ta ce, "Baba? Har burodi shika sawa shi share kwano."

Na tuna Sahabi tun yana yaro ake dukansa a kan suɗi. Ashe gari ya samu da ake yabonsa a kai.

Da rana na koma, na tarar duka ukun sun sake yin girki, na ajiye kunya a bakin ƙofa. Na wanke hannu, na ture cokalin, na cinye tuwon Nonna Roza tas. Ta yi ihu, ta juya tana nuna wa sauran biyun kwanon kamar ta ci gari da yaƙi. Ta sake cika shi. Abin da Inno ba ta gaya mini ba ke nan: in ka rage ka yi zagi, in ka cinye ka nemi ƙari. Nonna Tareza ta turo nata ta janye na Roza. Na cinye. Ta cika. Direbobin da ke sauran teburan suka juyo da kujerunsu, kowa yana goyon bayan tsohuwar yankinsu, suna tafi suna buga tebur. Na sassauta mazagin wandona a ɓoye. Wani ya miƙo mini jan abu a kofi, Inno ta buge hannunsa. Sallar la'asar ta ranar, Allah Ya karɓa, ruku'un dai ban san ko ya kai ba.

Roza da Tareza suka sauko. Suka ce jinin Sahabi ne, babu shakka. Amma Nonna Kanchatta ta ɗauke kwanonta da na share, ta duba, ta ajiye, fuskarta ba ta canja ba. Ta yi magana gajeriya. Inno ta ce, "Ta ce ci kowa ya iya. Wa ka dahwa mani can?"

Sai na tuna jakar Inna. Tun da na iso na ɓoye ta ƙarƙashin gadon mai ɗinki, ina jin kunyar in kawo ta gidan Turawa. Na je na ɗauko, na kwance ta a kan teburin madafa.

Nonna Tareza ta ruga ta buɗe taga tana kiran waliyyansu. Nonna Roza ta leƙa ƙarƙashin murhu, wai ko kyanwa ce ta mutu. Nonna Kanchatta ba ta motsa ba. Ta ɗauki daddawa ɗaya, ta shinshina, ta daɗe. Ta je ta ɗauko tulun kifinta mai gishiri ta kai mini hanci. Na ja da baya kamar Baturen kan iyaka, har na buge tukunya. A nan na fara jin dariyarta.

Sai ta juya daddawar. Kun san in an mulmula ta ana danna ta ta yi faɗi, wurin yatsa yakan fito. Ta dubi wurin. Ta sa babban yatsanta a ciki, ya zauna daidai.

Ta tambaya ta bakin Inno, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Inna. Ita ta haife mu, ni da Sahabi. Hannunta na rawa, shi ya sa ba su yi daidai ba."

"Ta san ɗanta ya rasu?"

"Ta sani."

"Za ta zo ta ga inda yake?"

Na ce, "Ko kasuwa ba ta iya zuwa yanzu."

Ta zauna, daddawar na hannunta. Ta faɗi wani abu a hankali, wanda ban taɓa jin sun yi ba a gidan. Na ce, "Mi tac ce?" Ta ce, "Ta ce ita ko kabari tana da shi. Waccan tsohuwar ba a bar mata komi ba."

Sannan ta miƙe ta nuna mini murhu. Miyar kuka dai na iya ta irin ta masu kwana a gona. Na daka daddawa da gabu da barkono, na kaɗa kuka, mata uku a kaina. Tareza tana so ta zuba cuku, na tare tukunyar da jikina. Roza ta tuƙa tuwonta tana shela cewa tun da da nata za a ci, ita ta yi nasara. Da miyar ta yi, ta duba ta ce kalar ruwan kududdufi ce. Tareza ta ɗaga cokali, yauƙin ya biyo shi, ta yi salati irin nasu ta ajiye. Inno ta sa hannu ta gutsuri tuwo ta dangwala kamar a Goronyo aka haife ta. Ta ce, "Wagga ta miyar da Baba ka hwaɗi."

Nonna Kanchatta ta ci nata a hankali, ba ta ce yana da daɗi ba. Da ta gama ta gutsuri burodi, ta share kwanon har ya yi ƙyalli, ta turo shi gabana. A lokacin na riga na san abin da hakan ke nufi a gidan.

Ita da Inno suka raka ni maƙabartar Musulmi. Ta tsaya a bakin ƙofa, muka shiga. Wuri ne mai tsabta a gefen dutse. Na yi masa addu'a, na gaya masa Inna na gaishe shi.

Daga nan ba ta sake hana Inno bi na ba. Ranar tafiya suka haɗa mana guzurin da ya ishi ayari: busasshiyar taliya, cuku, tumatir a kwalba. Kowace ta ja Inno gefe tana sake karanta mata yadda ake nata girkin, tana gargaɗinta da na sauran. Aka sake sumbatata, wannan karon ban gudu ba. Nonna Kanchatta ta fito da wani itace a nannaɗe da tsumma. Koshiya ce, cokalin katako na miya, da Sahabi ya fara sassaƙa mata, ya fitar da mariƙi, bai rarake bakin ba ciwo ya kwantar da shi. Ta ce in ƙarasa, in kawo mata da kaina, tare da yarinyar, ta ga ko ta rame.

Mun iso gida lafiya. Inna ta shafa fuskar takwararta tun daga goshi har haɓa, ta ce hancin Sahabi ne. Yanzu tare suke kwana ɗaki ɗaya. Inno tana danna ƙullin alkama da yatsa, Inna tana faɗan ana ɓarnar alkama, tana kuma cinyewa. Baƙinmu ne suka shiga uku. In an kai abinci zaure sai Inno ta bi shi ta tsaya, hannu a ƙugu. Da Alhaji Modi ya zo barka da zuwa, ya ci kaɗan ya rufe, ta ce masa, "Baba Alhaji, ciwo gare ka ko rena mu kay yi?" Sai da ya cinye.

Koshiyar tana rataye a ɗakina. Nakan sauko da ita in ɗauki gizago, in ga inda saran Sahabi ya tsaya, in mayar. Har yanzu ban ƙarasa ta ba.